Turakun da Baba Ya Kafa a Fadama

Kwanakin baya na bi hanyar Zariya zan je duba tsohon gidanmu da ke wani ƙauye bayan Rigachikun, sai na tarar an yanka fadamar da ke ƙasan gidan fuloti-fuloti. Har an fara jera bulo, wani ma ya kai linta. Na sa aka tsayar da mota, na fito na daɗe ina kallo. Ban ce wa kowa komai ba, domin ban san ko ina da hurumin magana ba, kuma mai yiwuwa masu ginin sun san abin da ban sani ba. An ce yanzu akwai dabarun magudanar ruwa da ba mu da su a da. Amma tun daga ranar tunanina ya ƙi barin waɗansu turaku huɗu da mahaifina ya taɓa kafawa a daidai wannan wuri, da yadda saura ƙiris mu gina gidanmu a tsakaninsu.

A lokacin muna zaune a gidan gwamnati kusa da Unguwar Sarki. Baba babban akawu ne a wata ma'aikata, kuma ritayarsa ta ƙarato. Kaduna ta wancan zamani gari ne da ake jin ƙararsa ɗaya bayan ɗaya. Da safe a ji begilar barikin soja, can a ji usur ɗin jirgin ƙasa, sai ƙararrawar kekunan ma'aikata suna gangarawa ofis a jere, kowa ya ɗaure bakin wandonsa da maƙali kada sarƙa ta kama. In sun wuce unguwa ta yi tsit, sai dakan Inna da na maƙwabta, taɓarya tana amsa wa taɓarya ta kan katanga. Yanzu ina zaune a Malali, kuma in na kasa kunne da safe ba na iya raba ƙarar janareta da ta babur da ta injin niƙa, duk sun cakuɗe. Ba na cewa da ya fi yanzu ta kowace fuska, don na tuna layin famfo da na sha tsayawa da garwa biyu kafin in tafi makaranta, na kuma tuna faskaren itace ranar Asabar. Sai dai a da, in abu ya canza a gari, kunne ne yake fara sanar da mutum.

Haka muka fara jin fari, ta kunne. Dakan unguwa ya ragu. Daga baya muka gan shi da ido: mutanen arewa suka riƙa kwararowa, shanu suna tafe ƙasusuwa a waje, zaurenmu ya cika da dangin da ban taɓa gani ba. Inna, wadda a da take ɗiban hatsi da ƙwarya ba ta dubawa, ta koma tana shafe bakin mudu da tafin hannu. Abin ya taɓa Baba fiye da yadda ya nuna. Wata rana ya dawo daga kasuwa da buhu a naɗe ƙarƙashin hammata, ya zauna a kan tabarma bai ko cire hula ba, ya ce, "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutum da albashinsa a aljihu, ya zaga kasuwa bai sami dawar kirki ba." Daga ranar ya ƙudura cewa in ya bar aiki ba zai kama haya a gari ba. Zai koma inda zai kafa rumbunsa, ya haƙa rijiyarsa, yadda in shekara ta sake juyawa iyalinsa ba za su dogara da kasuwa ba. Gida ɗaya zai iya ginawa da abin da ya tara a tsawon aikinsa. In aka yi kuskuren wuri, babu na biyu.

Ni kuwa ban daɗe da gama jami'a a Zariya ba, na karanta ilimin ƙasar noma, na kama aiki a ma'aikatar gona. Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba, sai ta fuskanci ƙanwata ko bango ta ce, "A gaya wa mai karatun abincinsa na hucewa." Baba shi kuma suna ya laƙaba mini, Malam Wataƙila. Ban ga laifinsa ba. Tun ina yaro in aka tambaye ni ko za a yi ruwa, sai in ce wataƙila. Jami'a ba ta raba ni da wannan hali ba, ƙara mini shi ta yi, domin a can ne na koyi yawan hanyoyin da mutum zai bi ya yi kuskure.

Mai garin ƙauyen ya nuna wa Baba wurare biyu ya zaɓi ɗaya. Na farko a fadama yake, gab da rafi, ƙasa baƙa mai laushi, ciyawa kore shar a tsakiyar rani, ga inuwar tukurwa. Na biyu a kan tudu, jar ƙasa da tsakuwa, marmara ta leƙo nan da can, sai wata tsohuwar ɗorawa a gefen gangare. Duk wanda ya ga shekarun farin nan ya san wanda zai zaɓa. Baba ya durƙusa a fadamar ya tona da hannu, bai kai kamu ɗaya ba ƙasa ta fito da danshi. Ya ɗago mini ita a tafinsa yana murmushi, irin murmushin da rabona da gani tun kafin fari. A ranar ya sa aka sassaƙe turaku huɗu, ya auna da igiya, ya kafa su da kansa. Ya yi magana da masu tubali a kan su fara bayan sati biyu, don a gama gini kafin ruwa ya sauka, kafin kuma a karɓi mabuɗin gidan gwamnati. Sa'an nan ya ce da ni, "To, kai da ka yi karatun ƙasa, duba mini ita, ka rubuto mini a takarda." Na gane daga baya cewa ba shawara yake nema ba, so yake ya nuna wa abokansa na ofis cewa ɗansa ya sa hannu.

Na ɗauki abin da gaske, wataƙila fiye da kima. Na ari ƙarfen haƙa na ma'aikata, na hau babur na je sau uku. Na tambayi manoma abin da ke yi a wurin, na tambayi mata ko rafin ya ƙafe a shekarun fari, suka ce ya ja baya amma bai ƙafe ba. Na duba nisan hanya da asibiti da kasuwa, na duba itacen girki, na duba sauro. Kusan komai ya goyi bayan fadama. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Da na haƙa rami a tsakiyar turakun, na ga ƙasar hawa-hawa take: baƙar laka, sai siririn farin yashi, sai laka, sai kuma yashi mai kauri. An koya mana cewa ruwa mai gudu ne yake shimfiɗa irin wannan yashi. Amma yaushe? Shekara goma da ta wuce, ko ɗari biyar? Ban sani ba. Na tambayi wani manomi ko ruwa yana hawowa nan, ya ce shi dai tun da ya zo garin bai gani ba. Ban yi dabarar tambayarsa yaushe ya zo garin ba. Na koma na buga shafi uku a tafireta, na kai wa Baba bayan la'asar.

Ya sa tabarau ya karanta a hankali, kamar yadda yake karanta fayil. Da ya gama ya ɗago.

"Na ƙirga. Wataƙila tara, mai yiwuwa shida. Ina amsar?"

Na ce, "Baba, ƙasar tana da kyau ga noma. Ga gini ne nake da ɗan shakka. Da za a jira damina ɗaya a gani…"

"A jira a ina? A bakin titi? An ba ni wa'adin gida." Ya cire tabarau. "Ruwa zai ci wurin ko ba zai ci ba?"

"Ba zan iya rantsuwa ba, Baba."

"Ban ce ka rantse ba, cewa na yi ka faɗa."

Daga ƙofar kicin Inna ta ce wa ƙanwata, da ƙarfin da kowa zai ji, "A tambayi mai karatun, in ruwan ne yake tsoro, mu da muka shekara uku muna roƙonsa fa?" Ƙanwata ta tuntsire da dariya. Baba ya ninke takardata huɗu ya sa a aljihu, ya ce ranar Asabar zan kai shi a babur ya ga masu tubali.

Da muka isa ranar Asabar da hantsi, ba mu sami kowa a fadama ba. Aka ce ai an yi rasuwa, wata tsohuwa ce, duk maza suna ƙofar gidan mai gari. Baba bai yi wata-wata ba, muka yi alwala muka shiga sahu. A wancan lokaci baƙo ba ya wuce jana'iza, ko ya san mamaci ko bai sani ba, kuma ba a sa gawa a mota. Kafaɗa ce take kai mutum, kowa ya karɓa ya yi 'yan taku ya ba na kusa. Aka sallace ta, aka ɗauki makara. Na zaci za a gangara, domin a ƙasan gari akwai fili mai laushi wanda ko da hannu aka tona zai tonu. Sai na ga an juya an nufi tudu. Tafiya ta yi tafiya, rana ta fara zafi, tsofaffi suna haki. Sau uku makara tana zuwa kafaɗata. Muka wuce tsohuwar ɗorawar nan ta gefen gangare, muka ƙara gaba kaɗan, sa'an nan aka sauke.

Ba a ma gama kabarin ba, ga shi tun asuba ake haƙa. Wani dattijo baƙi siriri yana ciki yana sara da diga, kowane sara sai ta yi ƙara kamar an bugi ƙarfe, jar tsakuwa tana tartsatsi. An ce mini shi ne mai haƙan rijiyoyin garin, shi ne kuma yake jagorantar haƙan kabari. Samari suna karɓarsa bi da bi. Da na ga kowa ya taɓa, kunya ta sa na naɗe hannun riga na sauka. Sara biyar na yi tafina ya yi ƙuna. Na fito ina yarfe hannu, na tsaya kusa da dattijon, na yi masa sannu, sa'an nan cikin ƙaramar murya na tambayi abin da yake cina tun a hanya.

"Baba, don Allah, me ya sa ake wahalar zuwa nan, ga ƙasa mai laushi can ƙasa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ne ɗan Malam Akawu, mai yawo da ƙarfe yana huda mana gonaki?"

Na ce ni ne.

"Duk hudar da ka yi ba wanda ya gaya maka?" Ya share zufa da gefen rawaninsa. "Da can ƙasa muke binnewa. Ina saurayi kamar kai aka yi wata marka, rafin nan ya taso ya kwana uku a kan maƙabarta. Da ya janye, ni da ubana da mutanen gari muka bi fadama muna tsintar iyayenmu a cikin ciyawa. Da hannun nan na tattara, ban san na wa da na wa ba ne." Ya nuna ɗorawar da haɓa. "A gindin waccan ruwan ya tsaya. Tun daga ranar ba mu ƙara sa kowa ƙasa da ita ba. Ya ƙara zuwa sau ɗaya bayan nan, ya tarar ba mu bar masa kowa ba."

Ban san Baba yana bayana ba sai da na ji muryarsa. "Malam, amma mai gari bai faɗa mini haka ba."

"Ka tambaye shi wurin noma ne ko wurin kwana? Ya ga mutumin birni da ɗansa mai ilimi, ya ce a ransa kun fi shi sani. Mu ma da muka ga turakun mun yi zaton rumfar lambu za ka yi."

"To a nan sama ana samun ruwa?"

"Ana samu, in mutum yana da haƙuri. Gaba goma sha biyu na yi a rijiyar masallaci kafin in ga danshi. Amma farin nan da ya wuce, ka tambaya, ba ta ƙafe ba."

Aka kira shi ya daidaita ramin ciki. Aka sa tsohuwar, aka jera itace, aka toshe da ganye da ɗanyar ƙasa, kowa ya zuba da hannunsa. Baba ya daɗe a tsugune bayan an shafa addu'a. Muka kamo hanyar komawa har muka zo daidai ɗorawar. Ya tsaya ya dubi fadama, inda turakunsa suke can ƙasa kamar tsinken sakace, ya dubi gindin itacen, ya sake duban turakun. Ya zaro takardata daga aljihu, ya buɗe, ya ce, "Yashin nan da ka rubuta, shi ne wannan?" Na ce mai yiwuwa shi ne. Ya yi tsaki, amma ba irin na fushi ba.

A tudu muka yi gini. Ba a sha da daɗi ba. Masu tubali suka yi ta gunaguni don sai an yi jigilar ruwa da jakuna. Inna ta ce a gaya wa mai karatun ta gode, ya raba ta da layin famfo ya haɗa ta da maƙwabtaka da maƙabarta. Dattijon nan ya yi wata biyu yana haƙa mana rijiya. Aka kafa rumbu biyu a kan duwatsu, mai gari ya ba Baba aron ɗan yanki a fadama yana lambu da rani. Turakun kuwa ba wanda ya cire su, mantawa aka yi. Damina ta farko ta zo ta wuce lami lafiya, rafi bai ko cika bakinsa ba. Dawar da Baba ya shuka a tudu ta fito 'yar siririya, raken mutane a fadama kuwa ya fi mutum tsawo. Duk Asabar in na je, sai ya kai ni bakin gangare ya nuna mini, ya ce, "Malam Wataƙila, ga ruwanka can yana cin gidana." Yana faɗa da dariya, amma ni ba na dariya. Na yi shekara guda ina jin kamar na ɗora tsohona a kan dutse saboda tsorona da labarin wani dattijo. Ko a ofis na ɗauki fayil, sai in tsinci kaina ina tunanin ko na cuce su.

A damina ta biyu, ko ta uku, ban tabbata ba, aka yi marka ta kwana da kwanaki. Ba ruwa mai tsawa ba, irin mai zuba a hankali ba ya ɗaukewa, har bango ya fara warin danshi. Ranar da ya tsagaita da safe, na ji masu zuwa daga wajen Rigachikun suna cewa rafuka sun ɓalle. Ban nemi izini a ofis ba, abin da ban taɓa yi ba. Na hau babur, inda ya kafe na tura, inda ya gagara na jingine shi a wani gida na ci gaba da ƙafa, takalmi a hannu. Tun kafin in hango garin na ji wata ƙara kamar ta jirgin ƙasa daga nesa, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Da na hau tudu na ga babu fadama. Jan ruwa ne shimfiɗe daga wannan gefe zuwa wancan, yana tafe da karan rake da rassan itace da wata rumfa sukutum. Kan tukurwa kawai ake gani. Ruwan ya tsaya 'yan taku kaɗan ƙasa da gindin ɗorawa.

Na zauna a kan marmara. Daga nan ina hango gidanmu: katanga a tsaye, rumbuna biyu da hulunansu na ciyawa, hayaƙi yana tashi daga madafa, ga kuma dakan Inna, ɗaya bayan ɗaya, kamar ba abin da ya faru. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba, har yau. Mutanen gari sun yi asarar amfanin fadama, mu ma lambunmu ya tafi, amma ba a rasa rai ba, don babu mai kwana a can.

Baba yana tsaye a bakin gangare da lema a rufe a hannunsa. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya nuna wani wuri a tsakiyar ruwan, inda babu komai sai igiyar ruwa tana juyawa.

"Can ne ɗakin uwarka," in ji shi. Ya matsar da yatsa kaɗan. "Can kuma rumbu." Ya juyo gare ni. "To, Malam, yau me ka ce? Mun tsira?"

Na buɗe baki, kalmar nan tawa ta zo har kan harshe, na haɗiye ta. Na ce, "Mun tsira, Baba."

Ya dube ni kamar bai san ni ba, sa'an nan ya fashe da dariya har lema ta faɗi. Da muka shiga gida Inna ta ajiye taɓarya, ta dubi ƙafafuna da suka yi kaca-kaca da taɓo, ta juya ta fuskanci rumbu ta ce, "A gaya wa mai karatun akwai ruwan zafi a tukunya. A kuma ce masa Allah ya yi masa albarka."

Baba ya yi shekaru masu yawa a gidan nan, ya ci dawar rumbunsa a shekarun da aka sake shiga matsi, rijiyar kuma har yau ana ja. Da ya rasu, a kafaɗa muka kai shi, muka wuce ɗorawa muka ƙara gaba kaɗan. Ƙasar tana nan yadda na san ta. Na karɓi diga duk da furfurata, na yi sara, ta yi ƙara ta dawo mini har kafaɗa, tafina ya yi ƙuna. Wani ya ce in kawo a taimake ni, ƙasar nan ba ta da mutunci. Na ce ya bar ni in ƙara ko biyu ne. A duk ranar, taurin ƙasar nan ne kaɗai abin da ya kwantar mini da hankali.

Na yi ta jujjuya maganar masu ginin fadama a raina, ina cewa wataƙila ba ruwana, wataƙila za su ce tsoho ne yake surutu. Jiya dai na sa aka nemo mini wanda ya kai linta. Mun yi da shi ranar Asabar zai same ni a gindin ɗorawa, in nuna masa inda ake kai makara.